Hanyar Dutse Ɗaya Ce

Ranar Talata da la'asar saƙon ya iso Jidda, a bakin Abdulghaffar direba. Bai tsaya ko wanke fuska ba. Ya ajiye lorinsa a tashar Bab Makka, ya bar masu dako suna sauke buhunan dawa da kwandunan rumman, ya taka da ƙafa har unguwar Nuzla, jar ƙurar kwana uku na nan a girarsa da gemunsa.

Rafi'u bai daɗe da dawowa daga aiki ba. Yana zaune a ƙofar ɗakinsu na katako da langa-langa yana kwance takalmi. Dako yake yi a filin jirgin sama na Kandara. Shekara huɗu ke nan yana cusa akwatunan mutane a cikin jirgi, amma shi kansa bai taɓa zama kan kujerar jirgi ba. Da ya hango direban ya miƙe da takalmi ɗaya a ƙafa.

"Kawu, sannu da hanya. Lafiya na gan ka ba wanka?"

"Innarka na ciki?"

"Tana ciki."

"Kira ta. Ba na son in faɗi magana sau biyu."

Rahamatu ta fito da ludayi a hannu, ta tsaya bayan labulen buhu. Suka gaisa a gajarce. Abdulghaffar ya zauna kan wata tsohuwar taya, ya cire hula ya kaɗe ta a gwiwa.

"Malam ne ba lafiya. Ranar Asabar na baro shi a Zahwan. Ƙirji ne, da tari, ƙafafu kuma sun kumbura. Na ce ya zo mu sauko tare, ya ce jikinsa ba zai ɗauki girgizar mota ba sai da wanda zai jingina da shi. Ya ce in gaya maka, kai Auta, ka zo ka ɗauko shi. Ya ce ba ya son ƙasa ta rufe shi a kan dutse, Makka yake so."

Rahamatu na tsaye bayan labulen. Miya ce dai ke ɗiga daga ludayin zuwa ƙasa.

Malam Na'ibi, mahaifin Rafi'u, wanzami ne. Daga Mai Wurno ta ƙasar Sudan ya taso tun yana saurayi, rabi a ƙafa rabi kan raƙumi har Sawakin, ya ƙetaro teku a jirgin ruwa na katako, bai sake komawa ba. Kowace shekara in an gama askin alhazai sai ya rataya zabirarsa ya hau duwatsun kudu, waɗanda suka miƙa daga Ɗa'ifa har Abha. Ƙauye zuwa ƙauye yake bi yana ƙaho, yana cire haƙori, yana yi wa yara kaciya. Wata uku, wani lokaci huɗu. Zahwan ce masaukinsa na ƙarshe. Rahamatu ta sha ce masa shekaru sun ja, ya bar hawan nan. Shi kuwa sai ya ce mutanen dutse sun saba da hannunsa, wa zai bar wa su.

Hanyar can guda ɗaya ce tak. Daga Makka ta nannaɗe dutsen Kara ta hau Ɗa'ifa, daga nan ta bi gadon bayan duwatsu ta yi kudu, wani wuri kwalta sabuwa fil, wani wuri tsakuwa da ramuka, don a shekarun nan kamfani bai gama fasa ta ba. Babu waya, gidan waya kuwa sai manyan garuruwa. Abin da ke akwai shi ne gahawa. Duk tafiyar rabin yini za ka tarar da rumfa, da gadajen igiya a jere, da murhun shayi, da tanki na ruwa. Kuma direbobin hanyar, Larabawa da Yamalawa da Hausawa, suna da al'ada guda da ba a karyawa: ba mai wuce gahawa bai tsaya ba. Ko bai sha komai ba zai leƙa ya ce, akwai saƙo? Haihuwa, mutuwa, akuyar da ta ɓata, wane yana jiran wane a wuri kaza, duk ta haka suke tafiya, daga baki zuwa baki, sama da ƙasa.

"Gobe da hantsi zan juya da siminti," in ji Abdulghaffar. "Kujerar gaba taka ce. Juma'a da yamma muna Zahwan, in Allah ya yarda."

Rafi'u ya ce to. Amma bayan direban ya tafi sai ya zauna yana lissafi da yatsu. Kwana uku saƙon ya yi a hanya. Ga wasu ukun a gaba. Mutumin da ƙafarsa ta kumbura tun Asabar, wa ya san yadda Juma'a za ta same shi?

Da aka idar da magariba bai dawo gida ba. Ya nufi unguwar Ammariyya gidan Yahya, abokinsa mai aikin rubutu a filin jirgi. Yahya haifaffen Jidda ne, kakansa ne ya zo daga Katsina, Hausarsa kuwa rabi da rabi ce, in ta ƙare masa a tsakiyar magana sai ya cike da Larabci. Ya saurara har ƙarshe yana girgiza kai.

"Kwana uku a lori? Ya akhi, kai ba kai ke loda tayyara, jirgin nan mai zuwa garin Khamis ba? Laraba da Asabar take tashi. Gobe Laraba. Sa'a biyu bas, kana can."

"Ni ban taɓa hawa ba."

"Babu wanda aka haifa a ciki. Zahwan ɗin nan nesa take da Khamis?"

"Baba ya ce in gari ya yi haske ana hango duwatsun Abha daga can."

"To halas! Gobe da azahar kana shan shayi da babanka. Ka kawo iƙamarka, takardar zaman ƙasa, da sassafe, ni zan yi magana da mudir, shugaban ofis. Kujera ba ta ƙarewa a tayyarar nan, rabinta buhunan wasiƙu ne."

Gobe da azahar. Rafi'u ya yi ta maimaita wannan a ransa har ya iso Nuzla.

Rahamatu na ɗaure kaya a bargo sa'ad da ya gaya mata. Ta sa garin kunu, da kuka, da ɗan ƙullin daddawa, da man zafi. Ta dakata da ɗaurin.

"Malam bai san jirgi ba."

"Ba shi zai hau ba, Inna. Ni ne."

"Duk da haka."

"Inna, kwana biyu zan rage. Kwana biyu cur."

Ta daɗe tana duban bargon. Sannan ta ja bakinsa ta ƙulle.

"Kai ka san aikinku. Allah ya kai ka lafiya. In ka je kada ka bari su ba shi ruwan sanyi."

Da asuba ya biya ta Bab Makka ya sanar da Abdulghaffar, don kada ya jira shi. Ya tarar da shi a ƙarƙashin mota yana ɗaure wani abu da waya. Ya turo kai waje, fuska duk baƙin mai.

"Jirgi? Kai ɗin? Yaron da na ɗora a kan jaki a Mina ya yi ta ihu har da fitsari?"

"Haba Kawu, shekara nawa ke nan."

"Ku 'yan Kandara kun ga fuka-fuki kun raina taya. To shi ke nan, ka riga ni. Ka ce wa Malam ga ni nan tafe da rarrafe. Ka gaida tsuntsaye."

Jirgin ƙarami ne mai farfela biyu. Abokan aikin Rafi'u suka yi ta tsokanarsa, wani ya karɓi ƙullin bargonsa da hannu biyu yana rusunawa wai ga babban baƙo. Ya yi musu dariyar yaƙe. Da jirgin ya zabura ya rufe ido, ya riƙe hannun kujera, ya karanta duk abin da ya haddace. Can da ya buɗe ido sai ya ga teku ta koma baya, Jidda ta zama kamar farin gari da aka watsa a bakin ruwa. Jim kaɗan duwatsu suka taso, baƙaƙe, a tsattsage, wani na bin wani. A wani wuri ya hango wani siririn zare fari yana lanƙwasa a tsakaninsu, ya ɓace, ya sake fitowa. Wani dattijo Balarabe da ke kusa da shi ya nuna da baki ya ce ai hanyar Ɗa'ifa ke nan. Rafi'u ya ji tausayin Kawunsa. Ya ce a ransa, a wannan zaren mutum zai kwana uku.

Kafin azahar suka sauka. Filin jirgin Khamis a lokacin bai wuce shimfiɗaɗɗen fili da ɗan gini guda da tuta ba. Iska mai sanyi ta doke shi tun daga bakin ƙofa. Fasinjojin nan kowa da mai taryarsa. Kafin ya gama nuna wa askari takardarsa duk sun watse. Ya tambayi motar Zahwan. Askarin bai taɓa jin sunan ba. Wani mai shara ne ya ce ya sani, can arewa da Abha ne, amma mota ba ta zuwa sai gobe in kasuwa ta tashi.

Haka ya wuni yana zagaya tasha da bargo a kai. Ya kwana a masallaci. Ranar Alhamis kasuwa ta ci, sai bayan la'asar ya sami wata buɗaɗɗiyar mota mai komawa ƙauyukan arewa, ya matsu tsakanin tumaki biyu da buhun gishiri. Ta sauke shi a wata mararraba da magariba, direban ya nuna masa wani dutse ya ce Zahwan na bisa, amma kada ya hau da duhu. Wasu makiyaya suka ba shi wurin kwana. Sai ranar Juma'a da hantsi ya isa, yana haki. Azahar ɗin Yahya ta zama kwana biyu.

Gidajen Zahwan na dutse ne, dogaye, masu ƙananan tagogi, gonakinsu kuwa hawa-hawa a jikin tudu. Ya tambayi masaukin wanzami. Aka kai shi wurin wani tsoho Husaini, mai gidan da Malam ke sauka. Husaini ya dube shi sama da ƙasa, ya dubi bayansa kamar yana neman wani.

"Kai ne ɗan Na'ibi? To ina shi?"

"Shi na zo ɗauka, ya ammi."

"Ba ku haɗu ba?"

Sai ya ba shi labari. Bayan tafiyar Abdulghaffar da kwana biyu, ranar Litinin, Malam ya tashi da ɗan ƙarfi har ya sha madara. Ya ce ba zai kwanta yana jira yaro ya sha wahalar hawan dutse ba. Akwai lorin itace mai sauka Ɗa'ifa, zai bi shi, ya rage wa ɗansa hanya, shi ma ya matsa kusa da Makka. Husaini ya ce masa, in kuka saɓa fa? Malam ya yi dariya ya ce ta ina? Hanya ɗaya ce, kuma ba mai wuce gahawa.

"Ta yaya ka zo har nan ba ku gamu ba?"

"Ta jirgi na zo."

Husaini ya girgiza kai. Ya ce, "La haula."

Rafi'u ya sake lissafi. Litinin, Talata, Laraba. In haka ne Baba ya isa Jidda tun ranar da shi ya taso, yanzu yana kwance a ɗaki Inna na dama masa kunu. Har ya ji wani sanyi a ransa, har ya yi murmushi da ya tuna irin tsiyar da za a yi masa a Nuzla. Ya yi sallar Juma'a da mutanen ƙauyen, ya ci gurasa da zuma a gidan Husaini, ya sauko mararraba neman motar komawa.

Ranar Juma'a motoci ba su cika tafiya ba. Ya zauna kan wani dutse har inuwa ta yi tsawo. Gab da magariba ya ji kukan injin da ya sani tun yana yaro, lorin ya ɓullo daga kwana yana nishi da siminti. Rafi'u ya miƙe yana ɗaga hannu yana dariya, ya shirya karɓar zolaya.

Abdulghaffar ya tsaya. Bai kashe mota ba, bai kuma yi zolaya ba.

"Hau."

"Kawu, Baba ya riga ya sauka tun..."

"Na sani. Na gan shi jiya. Hau mana."

Yana tuƙi yana faɗa, idonsa a kan hanya. Malam bai kai Ɗa'ifa ba. Kwana ɗaya da rabi ya yi a lorin itace, ranar Talata numfashi ya ƙi. Direban ya ji tsoro ya sauke shi a gahawar Hamad, wadda take daidai rabin hanya. Hamad ya ba shi gado. Tun daga ranar Malam ya sa aka jawo gadon bakin rumfa, fuskarsa na duban hanyar Jidda. Ya yi lissafinsa tsaf: saƙo zai isa Talata, Auta zai taso Laraba, Alhamis da rana yana nan. Duk motar da ta tsaya sai ya ɗaga kai.

"Jiya da azahar na iso. Tun daga nesa ya gane motar. Na ga ya dafa ya tashi zaune, Hamad na riƙe da shi. Na sauko. Bai dube ni ba, ɗaya ƙofar yake kallo, yana jira a buɗe."

Rafi'u ya riƙe ƙarfen gaban motar.

"Me ka ce masa?"

"Me zan ce? Gaskiya na faɗa. Na ce Malam, Auta ya ƙosa ya gan ka, ya hau jirgin sama, ya wuce tun jiya."

"Ya yi fushi?"

"Fushi? Dariya ya yi har tari ya sarƙe shi. Ya ce Auta a sama, yaron da ke tsoron tsani. Da tarin ya lafa sai ya ce da ni, to Abdu, shi jirgin a wace gahawa yake tsayawa? A kai saƙo can."

Motar ta faɗa wani rami ta fito. Abdulghaffar ya canza giya.

"Na ce ba ya tsayawa, Malam. Ya ce ko shan ruwa? Na ce ko shan ruwa. Ya ce to mutanen ciki ta yaya suke jin labari?"

Rafi'u ya juya fuska wajen taga.

"Na so in sauke simintin nan a gefen hanya in juya da shi Makka. Hamad ya ce ba zai kai Ɗa'ifa ba. Malam ma ya ƙi. Ya ce in ya motsa daga nan a ina za ka same shi. Ya ce in wuce in kamo ka."

Sansanin kamfanin hanya na gaba kaɗan. Ba a sami masu saukewa ba don Juma'a ce, su biyu suka sauke buhunan da kansu, Rafi'u na ɗaukar bibbiyu kamar wanda aljanu suka hau. Hanyar ba ta biyuwa da duhu, ko Abdulghaffar bai yarda ba. Da assalatu suka juyo.

Ranar Asabar ɗin nan Rafi'u ya ga abin da ya hango daga sama kamar zare. Dutse a hannun dama, rami a hagu wanda ba a ganin ƙasansa. Da hantsi gajimare ya sauko ya zauna kan hanya, har ba a ganin hancin mota. Rafi'u ya fita yana tafiya a gaba da farin mayafi a hannu, motar na binsa a hankali kamar saniya. Da suka fita daga wannan sai suka tarar da ganga a tsakiyar hanya da jar tuta: kamfani na fasa dutse, ba wucewa sai la'asar. Rafi'u ya je ya roƙi mai tutar. Mutumin ya ji tausayinsa ƙwarai, ya ba shi ruwa, amma ya nuna masa tarin duwatsun da suka zubo, ko jaki ba zai haura ba.

Suna zaune a inuwar mota wajen azahar suka ji ƙugi can sama, ta gabas. Rafi'u ya san sautin jirgin, shi ke loda shi. Bai ɗaga kai ba. Abdulghaffar ma ya yi kamar bai ji ba.

Gahawa biyu suka wuce bayan an buɗe hanya, a kowace Abdulghaffar ya tsaya ya leƙa. A ta farko aka ce motar da ta hau jiya ta ce wanzami na nan yana jira. A ta biyu, inda suka kwana, aka ce ba wanda ya hau yau saboda fasa dutse, ba sabon labari.

Lahadi da hantsi suka iso. Gahawar Hamad rumfa ce ta duwatsu da rassan itace a kan wani ɗan fili, bishiyar magarya ɗaya a gefe, bayanta tudu. Akwai gadajen igiya biyar a ciki. Na shida yana bakin rumfa, shi kaɗai, an jingine shi a bango a tsaye.

Rafi'u ya sauko ya tsaya a jikin mota. Wani gajeren mutum mai furfura, Hamad ke nan, ya fito yana goge hannu a zani. Ya dubi Abdulghaffar, ya dubi saurayin, ya taho ya kama kansa da hannu biyu ya sumbaci goshinsa.

"Allah ya ƙara maka lada, ya waladi. Jiya, tsakanin azahar da la'asar."

Rafi'u ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya sake faɗa. Sai ya zauna a ƙasa nan inda yake. Abdulghaffar ya zagaya bayan mota, ya daɗe bai fito ba.

Hamad bai gaggauta shi ba. Ya kawo shayi ya ajiye, ya tsuguna kusa da shi. Ya ce da shi da direbobi biyu Yamalawa suka yi masa wanka, mutum tara suka yi masa salla, har da makiyayan tudu da ya taɓa yi wa 'ya'yansu kaciya. Ya ce bai sha wuya ba a ƙarshe. Kalmar shahada ce ta ƙarshe a bakinsa.

"Zo ka ga wani abu kafin mu hau wurinsa."

Ya kai shi bayan rumfa, inda filin ya fi faɗi. Akwai duwatsu masu girman kan mutum an jera su layi biyu, tsakaninsu ba komai sai ƙasa.

"Ranar Juma'a ya tambaye ni yaushe tayyara ke komawa Jidda. Na ce Asabar. Ya ce to ɗansa in bai same shi a Zahwan ba ta nan zai biyo ya koma. Ya sa na buɗe jakarsa. Akwai farin yadi a ƙasa, a naɗe, ya ce likkafaninsa ne, tun shekara ashirin ya wanke shi da Zamzam, duk inda za shi da shi yake tafiya. Ya ce in shimfiɗa a nan in danne da duwatsu. Ya ce kai ka san yadin. In ka hango daga sama za ka ce wa direban ya tsaya."

Hamad ya share hanci da gefen rawaninsa.

"Na san ba haka abin yake ba. Amma ban iya gaya masa ba. Na shimfiɗa. Jiya da azahar muka ji ta, can nesa, bayan wancan dutsen, ko ganinta ba mu yi ba. Ya saurara har sautin ya ɓace. Ya ce, bai gani ba. Ya ce ba laifi, Hamad, je ka naɗo shi kada ya yi ƙura."

Kabarin na kan tudu, tsakanin wasu tsofaffin kaburbura guda huɗu na matafiya, dutse a kai dutse a ƙafa. Ƙasar ba ta gama bushewa ba. Rafi'u ya durƙusa. Ya yi niyyar addu'a, amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Baba, na zo. Sauri na yi, Baba." Daga nan kuka ya ci ƙarfinsa. Abdulghaffar ne ya hau ya same shi, ya ɗaga hannu ya ja addu'ar, shi yana amin.

Ranar Litinin da yamma suka shigo Jidda. Zafi da warin teku suka tarye su tun daga Kilo Goma. Rafi'u ya sauka a Bab Makka. Abdulghaffar ya ce bari ya raka shi, ya ce a'a Kawu, ni zan faɗa.

Yayar Rafi'u, Mastura, ta zo daga Makka tun ranar Alhamis, an share ɗaki, an ɗaga katifar Malam an sa mata sabon zani. Ita da Rahamatu suna tsakar gida suna tsince shinkafa. Da ya yi sallama Mastura ta miƙe da sauri ta leƙa bayansa, ta leƙa lungu. Ta dawo ta dube shi, ta ɗora hannu a ka ta shige ɗaki.

Rahamatu ba ta tashi ba. Ta ture faifan gefe.

"Zauna, Auta."

Ya zauna a gabanta a ƙasa.

"Ka same shi da rai?"

"A'a, Inna."

"A Zahwan?"

"A hanya. Ya sauko taryata. Da na bi Kawu, da na same shi ranar Alhamis, yana zaune yana magana." Ya sunkuyar da kai. "Ta kansa na wuce, Inna."

Ya ba ta labarin duka, bai rage komai ba. Tana ji, hawaye na bin fuskarta, ba ta share ba. Daga cikin ɗaki ana jin kukan Mastura ƙasa-ƙasa.

"Kwana nawa ya yi a wurin mutumin?"

"Biyar."

"Shi ya ciyar da shi, shi ya yi masa wanka?"

"Shi ne."

"Ya san shi da ma?"

"Shan shayi kawai, in ya biyo."

Ta gyaɗa kai. Ta jawo mayafinta ta rufe kai sosai, ta zare 'yan kunnenta ɗaya bayan ɗaya ta ajiye a kan faifan.

"In na fita takaba za ka kai ni."

"Inna, ba sa barin mata su hau maƙabarta."

"Na sani. Ba kabarin na ce ba. Gahawar za ka kai ni, in ga inda ya kwanta, in yi wa bawan Allahn nan godiya da bakina. Ka gaya wa Abdulghaffar tun yanzu ya ajiye mana gaba."

"To, Inna."

"Tashi ka wanke fuskarka. Ka je ka sanar da liman kafin a kira magariba, mutane su ji a masallaci."

Rafi'u ya tashi ya ɗauki buta.